Taka, Riƙe, Saki

"Taka!"

Maigareji yana kwance rigingine a ƙarƙashin a-kori-kurar ɗansa, sifana a hannu. Ya cire tsohon birkin baya mai ganga, ya ɗaura sabo mai faifai, saura a fitar da iskar da ta shiga bututun mai. Aikin mutum biyu ne: na sama ya taka birki ya riƙe, na ƙasa ya sassauta noti iska ta fita. Shekara talatin yana wannan aiki, ko ido a rufe zai yi shi.

Sai da ya ja numfashi uku kafin birkin ya motsa.

"Auta, kunnen naka a gida ka baro shi? Na ce taka!"

"Na taka ai, Baba." Muryar ta fito a jaye, kamar harshen ya yi wa bakin yawa.

*

Sati uku ke nan da Auta ya kwashe 'yar Tela, maƙwabcinsu, da motar nan a bakin makaranta, ƙafarta ta karye wuri biyu. Kafin kowa ya buɗe baki, Maigareji ya ce birki ne. Birkin ganga tsohon yayi ne, in ya ɗau zafi sai ya yi taurin kai. Wa zai ja da shi a kan mota? Tela ya share hawaye, ya ce ƙaddara ce.

Amma ran da ya buɗe gangunan, lafiyarsu ƙalau ya same su, ko rabi ba su cinye ba. Da ya ɗaga kujerar direba kuwa, sai ga ledojin ƙwaya birjik, duk an shanye. Ya cusa su a aljihu yana waige-waige kamar ɓarawo a garejinsa na kansa, ya kai gangunan bayan shago ya rufe su da tsofaffin tayoyi.

"Malam, motar kake gyarawa ko bakin mutane?" matarsa ta tambaye shi da safe.

"Ke me kika sani a kan mota?"

Ta sani sarai, shi ma ya san ta sani. Tun ranar bai ƙara iya haɗa ido da ita ba. Gobe kuma Auta zai koma jigilar leburori, mutum ashirin a tsaye a baya, domin in motar ta ƙara kwana a gareji unguwa za ta fara tambaya.

*

Daga inda yake kwance ƙafafu kawai yake gani. Ya ga wasu sun shigo cikin silifa, guntayen zare a manne da ƙafar wando.

"Sannu da aiki, Maigareji," in ji Tela. "Na zo ganin sabon birkin ne. Yarinyar ce ta dame ni da tambaya ko an gyara, wai kada ya sake ƙin tsayawa."

"An gyara, an gyara. Wannan ko ƙuda ne ya gifta sai ta tsaya. Bari ka gani. Auta, taka ka riƙe!"

Shiru.

"Auta!"

Abin da ya amsa masa minshari ne, a hankali, da hantsi tsaka. Ƙafafun Tela suka taka zuwa ƙofar direba, suka tsaya. Sun daɗe a nan. Kunya ta lulluɓe Maigareji, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga shi kuwa a manne da ita ta ƙi karɓarsa.

"Gajiya ce," ya ce. "Ka san yaran yanzu..."

Ƙofa ta buɗe, motar ta ɗan girgiza, ana ture mai barci gefe guda, sannan silifan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

"Faɗa mini yadda ake yi, Yaya," muryar Tela ta sauko, babu faɗa a cikinta ko kaɗan. "Tunda gobe za ka ba shi makulli, gara dai birkin ya kama."

Maigareji ya buɗe baki zai ce ba zai ba shi ba. Sai ya ɗora sifana a kan noti.

"Taka," ya ce.

Birkin ya sauka nan take. Mai ya tsarto masa a fuska, yana gangarawa cikin gemunsa, bai goge ba.