Keken Inna Ya Ƙi Shiga Kwantena

Yayana ne ke tsara lodi a kamfanin da zai kai min kayana ƙetare, inda mijina ya samu aiki. Ni kuwa ban iya zama in jira ba, sai na bi shi ofis in ga yadda ake yi.

Ashe kafin a taɓa kwali ko ɗaya, a kwamfuta ake loda kwantenar. Yaya ya shigar da tsawo da faɗi da nauyin kowane kaya, manhajar ta jera su a kan katakon da suke kira falet, masu nauyi a ƙasa, tana jujjuya su kamar mai shirya kwanuka a kabad. Na saki baki ina kallo.

"Wancan jan akwatin da ya rage a waje fa?"

"Keken ɗinkin Inna ne. Babu wuri."

Tun rasuwar Inna keken nan nake wa kallon nawa, a kansa na koyi ɗinki. Na ce a cire katifa. Ya cire, ya danna, jan nan yana nan. Na ce a cire buhun littattafan maigidan, ai ba karantawa yake ba. Ko gezau.

"Auta, na'ura ba ta ƙarya. Ki bar shi wurina."

To ni fa abin da ya ɗaure min kai, ga rami nan ƙuru-ƙuru tsakanin firij da akwatuna. Keken da ni kaɗai nake ja daga ɗaki zuwa tsakar gida, shi ne zai gagari wannan ramin? Haba!

Da aka kira shi waya, na zari tef ɗin awo daga teburinsa na gangara sito. Motar ɗaga kaya ta kusa kwashe ni, direban yana ta faɗa, ban ko waiwaya ba. Na auna akwatin keken, na sake aunawa. Lambar da ke kwamfuta ta fi tawa da kusan taƙi guda.

Na hau sama a fusace.

"Yaya, ko dai ba ka iya awo ba, ko ka raina min hankali."

Ya juya ga kwamfutar. Ya goge lambar, ya sa ta gaskiya, ba tare da ya tambaye ni abin da na samu ba. Jan akwatin ya koma kore, ya zauna daram a ramin nan, har da sauran wuri.

"Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa, me za ka yi da keke?"

Idonsa na kan allon.

"Inna ta tafi, gidan an sayar. In wannan ma ya bi ki, me za ki dawo ɗauka?"

Fushin ya zube, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa tef ɗin. Daga ƙasa masu lodi suka ɗaga murya suna tambaya ko su fara.

Na ce, "Mayar da lambarka ta farko."