Ramin da Arvo Ya Huda

Yayana Arvo mutum ne da ba a faɗa masa magana sau ɗaya ya ji, sau biyun ma sai in ya ga dama. Ni ce Elvi, ƙanwarsa. Gidana yana kallon nasa a bakin tafki, kuma tun muna yara tare muke hawa ƙanƙara kamun kifi in sanyi ya daskarar da tafkin, saboda haka duk taurin kansa a kaina ya ƙare.

Da kaka aka yi masa aikin zuciya. Yana fitowa daga asibiti 'yarsa Darlene ta ce zaman kaɗaici ya ƙare, ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta a Duluth. Arvo ya ce ko gawarsa sai an yi da gaske kafin a kai ta birni. Suka yi ta ja-in-ja, har ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa: ranar da ya kasa huda ramin kifinsa da hannunsa, ranar zai tattara ya bi ta. Darlene ta ce ta yarda, ta kuma sa ni shaida. Ban so ba, amma ba wanda ya tambaye ni.

Mahujinsa na huda ƙanƙara irin na da ne, ka dafa kansa da hannu ɗaya kana juya mariƙin da ɗayan. Darlene ta taɓa saya masa mai batir, ya mayar da shi kanti ko kwalin bai buɗe ba. Wai na ragwaye ne, kuma inji ba ya gaya wa mutum komai. Na hannu kuwa, kana juyawa ƙanƙara tana ba ka labarin kanta. In ta yi maka gardama tana fitar da gari fari busasshe, shimfiɗa kayanka ka sha kofi hankali kwance. Wannan karatun ya yi mini shi har na gaji da ji.

A watan Janairu ya gwada, lokacin ƙanƙara ta yi kaurin da har motoci ke hawa. Bai kai rabi ba numfashi ya gagare shi, leɓɓansa suka sauya launi. Ya ce bakin mahujin ne ya dakushe, alhali a gabana ya wasa shi. Darlene ba ta da mugun hali, ta ce ta ba shi har ƙarshen sanyi.

Ƙarshen Maris ta dawo, bayan an yi ruwan sama an kuma buɗe rana. Na leƙa tafkin da safe, launinsa bai yi mini ba, ya yi duhu-duhu. Na gaya wa Arvo, ya ce tun ina goye nake da tsoro, tsufa ya zo ya ƙara mini. Ya saɓa mahujinsa ya yi gaba, Darlene ta bi shi, ita da rabonta da tafkin nan tun tana makaranta. Ni ma na rataya igiya na bi su ina mita.

Mun ɗan yi nisa da gaɓa ya tsaya, ya cire safar hannu, ya kafa mahujin. Na kau da kai don ba na son in sake ganin abin da na gani a Janairu. Sai na ji shi yana dariya. Mahujin yana nutsewa kamar a cikin man shanu, kafin in juyo sosai ruwa ya ɓullo.

"Darlene, zo ki gani," ya ce. "Ki gaya wa likitan naki tsohon bai mutu ba."

Rabon da in ga fuskarsa haka tun matarsa tana da rai. Ya miƙe ƙirji, ko haki ba ya yi. Darlene ta rungume shi tana hawaye, don ita ma ba son raba shi da gidansa take yi ba, tsoro ne kawai. Ya shiga nuna mata can bakin tsibiri, wai can manyan kifayen suke, su ƙarasa ya huda mata nata ramin.

Ni kuwa idona yana kan abin da mahujin ya fitar. Ba gari ba ne, wani caɓi ne ruwan toka, jiƙe sharkaf kamar kunun da ya kwana. Ƙanƙarar ta ruɓe daga ciki, ko jikata ta kama mariƙin nan za ta huda ta. Na san in na yi shiru yayana ya tsira da gidansa. Na kuma san gobe da safe zai nufi tsibirin nan shi kaɗai yana fito.

"Yaya, dubi ƙasa," na ce.

"Ke dai ba kya son ki ga mutum yana murna."

"Na ce ka dubi ƙasa."

Ya duba. Ya durƙusa a hankali ya damƙi caɓin, ya matse, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ba ni ya kalla ba, ƙafafun 'yarsa ya kalla, inda ruwa ya fara taruwa kewaye da takalmanta.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata ta sake shi ta ja baya, kada mu tsaya wuri ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Ya karɓi igiyar hannuna ya jefa mata bakinta, ya ce ta bi sawun da muka zo da shi, tana jan ƙafa, kada ta ɗaga. Ita ce gaba, ni a tsakiya, shi a baya. Ƙanƙarar tana lotsawa ƙarƙashina kamar tsohuwar katifa har muka taka ƙasa.

A gaɓa Darlene ta zauna kan dutse. Da ta dawo hayyacinta ta dubi ubanta, ta ga yadda ya tsaya, sai tausayi ya kama ta. Ta ce alkawari dai alkawari ne, rami an ce, rami kuma ya huda, ga gwaggonta shaida. Na yi maza na ce ƙwarai, da idona na gani. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, don in ya tafi ban san wa zan riƙa yi wa faɗa da safe ba.

Arvo ya girgiza kai. Yana ta kallon tafin hannunsa.

"Na ji ƙanƙarar, Elvi," ya ce. "Tun juyin farko hannuna ya ji ta yi laushi. Sai na ce ƙarfina ne, don shi nake son ji. Ga 'yata a tsaye a kai."

Na buɗe baki in ce kowa yana kuskure, amma na san shi, ba zai karɓa ba, ni ma kuma da ni ce ba zan karɓa ba. 

Ya jingina mahujin da bangon rumfata, ba tasa ba. Sannan ya juya wurin Darlene ya tambaye ta, ɗakin nan da ta gyara, tagarsa ina take kallo.

"Titi, Baba," ta ce.

"To," ya ce. "Mu je in ga abin da zai shiga mota."