Ƙofar Landuroba

Filibus na kwance ƙarƙashin tsohuwar Landuroba, yana cusa guntun roba tsakanin jikin motar da shasi, matarsa Lami ta zo ta tsaya masa a ka. Ƙafafunta kawai yake gani, amma ya san fuskar da ke sama.

Ta ce saƙo ya sake zuwa daga Korgom. Uwarsa Inna ba ta iya tashi, gero ya ƙare a garin, jakunan da za su jawo amalanke kuwa fari ya kwantar da su tun tuni.

"Baban Auta, ɗaure ƙohwar nan da igiya ka tai ka ɗauko ta. Motar ba ta tashi?"

Motar ta tashi, tun shekaranjiya ma. Ta mishan ce, wadda mahaifinsa ya tuƙa har ya rasu, aka yar da ita bayan majami'ar Tasawa kaji na ƙwai a ciki. Filibus ya yi shekaru yana tada ta ƙarfe bayan ƙarfe. Da ya mayar da jikin kan shasi sai gefe guda ya zauna a karkace, ƙofar fasinja ta ƙi rufuwa. Maganin abin shi ne kal, wato 'yan faifan roba da ake jerawa ƙarƙashin jiki har ya daidaita. Ya ce mata ba zai ɗora uwarsa a motar da ƙofarta ke lilo ba. Gaskiya ce, amma rabinta. Mutumin ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, ko da gidansa na cin wuta.

Ya sa kal, ya fito ya gwada ƙofa, ya koma ya ƙara. Da robar ta ƙare ya tuɓe takalminsa na taya, ya yanke dunduniyar. Wajen la'asar ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta rufe ƙyas. Daɗi ya kama shi har ya manta da yunwa.

Nan sojoji suka same shi. Kwanakin nan suna bin garaji-garaji suna kama motocin da za su kai hatsin taimako arewa. Sarjan ɗin ya fara da akwalar Na Allah, maƙwabcinsa, ya ga ƙofa ɗaure da waya, ya yi tsaki ya wuce. Ya zo kan Landuroba ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa don jin daɗin ƙarar.

"Wagga ita ce mota. Kawo makulli."

"Shef, uwata na Korgom ba lahiya. Bar ni in ɗauko ta, gobe in kawo maku da kaina."

Sarjan ya ce kowa na da uwa, can arewa ma uwaye ne ke mutuwa. Bai yi faɗa ba, har ya yaba aikin.

Sojoji suka tafi da motar. Lami ta shiga gida ta fito da goran ruwa ta miƙa masa. Filibus ya zura takalminsa ya kama hanyar Korgom a ƙasa, dunduniyarsa ta hagu na taka rairayi mai zafi. Bai san da me zai ɗauko Inna ba, in ma ya tarar da ita.