Haƙorin Makkan Hajiya Halimatu

Kumburin ya fara ne daga gefen hanci. Kafin Hafsatu ta lura ya hau kunci ya doshi idon dama, domin mahaifiyarta ta iya ɓoye abu: ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce sanyin damina ne ya kama ta. Hajiya Halimatu, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙofar gidanta a Dakoro, ta daina ɗanɗana ƙulin da take soyawa. Tuwo ma ta bar shi, ta koma kunu. Ɗakinta duk ƙamshin kanumfari ne, wanda take dakawa tana dannawa a dasashi.

Haƙorin da ke ciwon shi ne na Makka. A shekarar da marigayi Malam Na'Allah ya sayar da bijimansa ya kai ta aikin hajji, ita da matan ayarinsu sun je an sa musu hular zinariya a kan haƙori ɗaya, kamar yadda mahajjata da yawa ke yi. Nata a fiƙar sama ta dama aka sa. Tun da ta dawo, ta wannan gefen take murmushi.

Hajiya ba ta wasa da asuwaki. Kafin kowace salla sai ta goge haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, amma idan ta zo kan na Makka sai ta tsallake, don kada itace ya karce zinariyar. Gefen mayafi take sa wa ta share fuskarsa kawai. Haka ta yi shekara da shekaru, kuma haƙorin bai taɓa dusashewa ba.

Ranar da idon ya fara rufewa, Hafsatu ta ji labari a famfo cewa lokotoron haƙori ya zo daga Maradi, yana duba mutane a asibiti, kuma da la'asar zai koma. Ta ajiye bokiti ta nufi gidan uwarta. Ta tuna mata abin da majo, ma'aikacin jinyar asibitin, ya faɗa lokacin da aka gano tana da ciwon suga, cewa ko ƙaramin rauni kada ta bar shi ya kwana. Hajiya ta ce wannan ba rauni ba ne. Ta tashi ta juya kaskon gyaɗa, ta koma ta zauna, ta sake tashi ta gyara buhun da ba ya bukatar gyara.

Hafsatu ta ga ba za ta iya ita kaɗai ba, sai ta kira Hajiya Lalla. Lalla mutuniyar Azagor ce da aure ya kawo Dakoro, ɗaki ɗaya suka kwana a Makka, rana ɗaya aka sa musu haƙorin. Nata ya daɗe da dusashewa, duk zanen asuwaki, kuma Hajiya Halimatu ba ta gajiya da yi mata gori a kansa. Tana ce masa murfin gwangwani.

Lalla ta shigo ta ɗaga mayafin ba tare da neman izini ba. Ta daɗe tana kallo.

“Halima, goruba kika ɓoye a kunci, ko kuwa rowar ƙuli ce ta kai ki ga haka?”

“Ke dai ki ji da murfin gwangwaninki.”

“Murfin gwangwanina ya ci gasasshen nama jiya. Tashi mu tahi.”

Hajiya ta ce za ta je a ba ta ƙwaya, ba don a taɓa mata haƙori ba. A kan wannan sharaɗi suka fita.

A asibiti layin ya kai har gindin dogon yaro. Hajiya ta kasa zama a benci. Ta je bakin ƙofa ta dawo, ta tambayi Hafsatu ko ta kashe wutar kasko, aka ce an kashe, ta sake tambaya. Rana ta take kafin a kira ta.

Lokotoron, wani mai suna Abdurrazak, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya haska bakin, ya ƙwanƙwasa hular da bakin ƙarfe, Hajiya ta damƙe hannun kujera. Ya danna dasashin da ke sama, mugunya ta fito. Ya tambayi yadda take wanke wurin, Hafsatu ta ba shi amsa. Bai yi faɗa ba. Ya bayyana musu cewa abinci ya daɗe yana taruwa a bakin hular, inda ta haɗu da dasashi, har ya ci haƙorin daga ƙarƙashi. Zinariyar lafiya lau take, abin da ke cikinta ne ya mutu, ya kuma tara ruwa a saiwa. Ƙwaya za ta rage kumburin na ɗan lokaci, ya dawo. Da ciwon suga, da kuma yadda abin ya kusa ido, shi ba ya son ya koma Maradi ya bar shi a bakinta.

Hajiya ta tambaya ko za a iya cire hular a mayar kan wani haƙorin. Ya ce sai an fere lafiyayyen haƙori kafin ta zauna, shi kuwa ba zai yi haka ba.

“To, ɗana, ka rubuta mani ƙwayar. A gaban Malam anka sa shi. Da shi za a rufe ni.”

Ya rubuta, ya miƙa wa Hafsatu, ya ce yana nan har la'asar. Ya kira na gaba.

A waje Hafsatu ta yi magiya, ta yi fushi, ta koma magiya. Lalla ta zauna tana fere asuwaki da ƴar wuƙarta. Hajiya ta ce a nemo kabu-kabu. Kafin a samu aka kira azahar a masallacin da ke bayan katanga, ta ce bari ta yi salla tukuna. Ta yi alwala a hankali, tana kauce wa kuncin. Ta shimfiɗa mayafinta na biyu a inuwa ta ta da kabbara.

Tsayuwa ta yi daidai. A ruku'u ta ɗan yi jim. Da ta kai goshi ƙasa sai jini ya taru a wurin, ciwon ya buga mata har cikin ido, ta ɗago kafin ta gama tasbihi. Ta sake gwadawa, goshin bai kai ƙasa ba. Hafsatu tana ganin yatsun uwarta sun nutse cikin yashi. Sauran sallar a zaune ta ƙarasa ta, tana ɗan sunkuyar da kai kawai, kamar yadda take yi a ɗaki tun kwanakin da ta fara rufe ƙofa idan za ta yi salla. Yau ne kawai aka gani.

Ta sallame, ta zauna tana kallon wurin da goshinta ya kasa zama. Mai kabu-kabu ya iso yana danna ham. Lalla ta ɗaga masa hannu ya jira.

“Da ƙafata na yi ɗawafi,” in ji Hajiya, ba ta kalli kowa ba. “Ko sau guda ba a tura ni a keke ba.”

Ta miƙe ta kaɗe mayafin, ta ce wa Hafsatu ta sallami mai babur. Ita ce a gaba zuwa ɗakin lokotoro.

Aka auna sugarta, aka yi mata allura a dasashi, aka cire. Aikin bai daɗe ba. Abin da ya fito ƙarƙashin hular baƙi ne, ya ruɓe har ya rabu biyu. Lokotoro ya wanke hular ya naɗe a auduga ya ba ta, ya ce ta sha ƙwayar har ta ƙare, majo zai duba ta gobe, kuma idan wurin ya warke asuwaki ya bi ko'ina, babu tsallake. Hajiya ta ƙulle audugar a gefen zanenta, ta ja ƙullin da kyau.

A hanyar fita wata mai sayar da fura ta gaishe ta, ta ce sannu Inna. Hajiya ta tsaya kamar za ta yi magana, amma bakinta cike yake da auduga. Lalla ce ta juya ta ce wa matar Hajiya ake ce mata, sannan ta zaro asuwakin da ta fere ta cusa wa ƙawarta a hannu.

Da la'asar ta yi suna gida. Hafsatu ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta koma bakin murhu tana satar kallo. Hajiya ta ta da kabbara, ta yi ruku'u, sannan ta sauka a hankali tana jiran bugun. Kuncin yana nan a kumbure. Goshin ya kai ƙasa ya zauna.