Alamar da Baba Bai Manta Ba

Auta ta fizge biro daga aljihun Yaya tun nas ba ta gama gyara wa Baba matashin kai ba. Tun da Baba ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, sai yau ya buɗe ido, likita kuma ya ce a yi masa magana a ga ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A wani gidan, sunayen iyali za a tambayi mara lafiya. Amma waɗannan 'ya'yan tsohon malamin lissafi ne, sun tashi ba a barinsu fita wasa sai sun amsa tambaya.

Ta zana alamar lissafin nan mai kama da ƙugiya a tafin hannunta, ta rubuta tara a ƙarƙashi.

"Baba, nawa ke nan?"

Ya ƙura wa hannun ido. "Uku," ya ce, murya a dushe. "Sunanta daga Latin ne, radix, wato saiwa. Mutanen da sun ɗauki lamba kamar shuka. Tara ce ta tsiro, uku ce saiwarta. Ana cewa harafin r marubuta suka riƙa ja da gaggawa har ya koma haka."

Yaya, ƙato da gemunsa, ya daka tsalle kamar ɗan firamare. Nan take ya kira Umma a gida.

"Umma, tsohonki ya dawo garau! Har ya fara cika mana kunne da Latin!"

Auta tana dariya tana share hawaye, sai ta ji Baba ya kama yatsunta.

"Yarinya, ba a rubutu a hannu. Sabuwar zuwa ce ke? Ban taɓa ganinki a ajina ba."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kwaso shi a sume.

"Baba, ni ce fa. Autarka."

"Wancan mai ihun kuma a fitar min da shi." Ya sake dubanta da fara'ar da yake yi wa baƙi. "Me babanki yake yi?"

Yaya ya sauke wayar daga kunnensa. Daga cikin wayar ana jiyo Umma tana hamdala, tana cewa a ba ta shi su gaisa.

Auta ta dube shi, ta amsa.

"Malamin lissafi ne."

"Madalla," in ji Baba. "In kin koma gida, ki gaishe shi."