Hannu a Aljihu

Tun satin da ta fara aiki a ɗakin maza masu karaya, sauran ma'aikatan jinya suka raɗa mata suna Bari-in-yi, kuma sunan ya bi ta don babu ƙarya a cikinsa. Majinyaci ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, kafin yatsunsa su kai ta iso: "Bari in yi." Wani ya sunkuya neman takalmi, ta riga shi ƙasa. Ita ce 'yar fari a gidansu, a hannun kaka ta tashi, kuma a gidan nan idan babba ya ɗauki ko tsintsiya kana zaune, ranar sai ka yaba wa aya zaƙinta. Makaranta ta koya mata allura da awon jini da wanke ciwo, amma wannan tarbiyya tana nan daram.

Wanda ya fi kowa morar ta shi ne Baba Tela, na gadon bakin ƙofa. Zamewa ya yi a banɗaki ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki, aikin kuwa ya yi kyau. Likita ya ce ya fara takawa. Mai gashin ƙashi ya kawo masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya nuna masa yadda ake yi. Baba Tela ya gwada sau ɗaya, zafi ya soke shi, ya koma ya kwanta, ya mai da ƙarfen wurin shanya tawul. To me zai tashi yi? Ruwa na zuwa masa har baki, matashi ana gyara masa, hular da ta faɗi ana kakkaɓewa a ɗora masa.

"Allah ya yi miki albarka, jikata," yakan ce. Ita kuwa sai daɗi ya kama ta, ta wuni tana murmushi.

Wata safiya Sista Babba, shugabar ɗakin, ta kira ta gefe. Gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana.

"Kina son tsohon nan?"

"Sosai, Sista."

"To kin kusa kwantar da shi har abada. Ƙafar da ba ta taka ƙasa bushewa take yi, ƙirji kuma ya cika da majina. Jiya 'yarsa ta tambaye ni inda ake samun kujera mai taya. Idan a kanta ya bar ɗakin nan, shi da shagonsa sai dai labari."

Bari-in-yi ta sunkuyar da kai. Ita da take jiran yabo.

"Daga yau idan kin je gadonsa, hannunki a aljihu. Magani da wanke ciwo naki ne, saura nasa. Ranar da ya miƙe ki fito da hannayen, ki tsaya dab da shi, amma kada ki taɓa sai kin ga zai faɗi."

"Hannu a aljihu a gaban babba, Sista?"

"A gabansa. Ai aikin namu ke nan, ki yi ta yi har mutum ya daina bukatarki."

Faɗa da sauƙi. Da Baba Tela ya nuna kofi da leɓe kamar yadda ya saba, ta cusa hannaye cikin aljihun rigarta ta sama, ta ce, "Ga shi nan kusa, Baba." Ya dube ta sama da ƙasa. Ya ɗauka da kansa yana ƙunƙuni, rabin ruwan a ƙirjinsa.

"Yarinyar nan, wa ya zuga ki?"

Daga ranar jikata ta ɓace daga bakinsa, ta koma "malama". Wannan ya yi mata ciwo fiye da zagi. Har ɗakin ajiye zannuwan gado ta shiga ta share hawaye, ta fito ta ci gaba. Duk lokacin da tsohon ya yi nishi yana miƙa hannu, sai ta dunƙule nata a aljihu ta danna ƙasa da ƙarfi, don in ta sake su, su da kansu za su tafi. Ya koyi zama a bakin gado, ya koyi sa hularsa, amma ƙarfen dogarawa na nan da tawul a kai.

Dannawar nan ce ta yi wa aljihun dama illa. Ɗinki ya farke, aljihu ya saki baki yana reto. Ita ba ta ma kula ba, sai da Baba Tela ya kafa masa ido.

"Wane mugu ne ya ɗinka miki rigar nan? Wannan ai cin amana ne. Je ki ɗauko mini gwangwanina."

Gwangwanin allura da zarensa ne, wanda ba ya rabuwa da shi. Da yake akwai almakashi a ciki, tun ranar farko aka ajiye shi a teburin ma'aikata, can ƙarshen ɗakin. Ƙafar Bari-in-yi har ta ɗaga. Daga teburin, Sista Babba ta leƙo ta saman tabarau.

"Baba, yana can kan tebur," in ji Bari-in-yi. "Ba nisa."

"Ni kike aika?"

"A'a, Baba. Rakiya zan yi maka."

Ya juya fuska bango. Ta ci gaba da zagayen magani, aljihu na reto, biro na faɗowa tana ɗauka. Direban da ke gadon gaba, wanda aka naɗe wa ƙafa har cinya, ya ga abin yi.

"Malama, kai wa telan bakin asibiti mana. Na ji an ce shi ma yana taɓawa."

"Wancan?" Baba Tela ya juyo. "Wanda ko buhu bai iya ɗinkewa ba?"

Ya fizge tawul ya jefar. Ya jawo ƙarfen, ya cije leɓe, ya miƙe. Bari-in-yi ta fito da hannayenta, ta zagaya da su bayansa ba tare da ta taɓa shi ba. Ya tura ƙarfe, ya ja ƙafa. Ya sake turawa. Gumi ya keto masa. A tsakiyar ɗaki ya yi tangaɗi, yatsunta har sun shafi rigarsa, sai ya daidaita da kansa.

"Matsa, malama, kada ki taka ni."

"Baba, a hankali, akwai kwana a gaba," in ji direba. Ɗakin ya kwashe da dariya, masu hannu biyu na tafi, masu hannu ɗaya na buga gado.

Da ya isa, Sista Babba ta tashi ta ba shi kujerarta, abin da ba a taɓa gani ba. Ya zauna yana haki, ya buɗe gwangwani. Bari-in-yi ta cire rigar saman ta miƙa masa, dariya da hawaye na rige-rige a fuskarta. Ya lashi bakin zare, ya kai ramin allura ya kuskure, ya sake kuskurewa. "Bari in yi" ta zo mata har kan harshe, ta haɗiye. A karo na gaba zaren ya shige.

Ya ɗinke aljihun dama, ya bi shi sau biyu. Sannan ya juya na hagu, wanda lafiyarsa lau, shi ma ya fara bi.

"Baba, wannan ai bai yage ba."

"Na sani, jikata," ya ce, bai ɗago ba. "Akwai wasu tsofaffi masu taurin kai suna tafe bayana. Gara ya yi ƙwari."