Ba A Tsayawa A Tungar Tamba

Dikko bai ga mutumin ba sai da ya ji shi. Wata ƙara ta tashi daga gefen dama na motarsa Fijo, shinkafa ta watsu a gilashi, manjagara ta yi sama ta faɗo bayan mota. Kaka ce, manoma sun cinye rabin kwalta da shanya kamar yadda suka saba duk shekara. Wata babbar mota maƙare da albasa ta taso daga Argungu ta mamaye tsakiyar hanya, ya kauce mata ya hau kan shanyar, taya ta zame. A madubi ya hango mutum kwance, yana ƙoƙarin tashi yana kasawa.

Ƙafarsa ta kai kan birki.

"Kak ka tsaya!" in ji wani fasinja daga baya. "Direba, taka! Kashe mu za su yi!"

Wannan ne karatun farko da ake yi wa kowane direba a tasha, tun kafin ya san inda giya take. In ka kaɗe mutum kusa da ƙauye, ka ceci ranka, sauran bayani daga baya. Dikko ya hango mutane suna fitowa daga fadama a guje, ya ɗage ƙafa daga birki ya taka totur.

A Argungu ya samu Abdussamadu sarkin tasha yana alwala, ya rattaba masa komai. Dattijon ya ƙarasa wanke ƙafafunsa a tsanake kafin ya ɗago.

"Wa yag ga lamba?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ba wanda yag gani. Kai mota a buga maka gabanta, ka kama bakinka. Ƙaddara ta riga ta wuce."

Kafin la'asar sanarwa ta zaga tashar Argungu da ta Birnin Kebbi: kada direban da ya ƙara tsayawa a Tungar Tamba sai ƙura ta lafa. Haka tasha take rufa wa ɗanta asiri, kuma ba a taɓa jin ta aika a dubo wanda aka bari kwance ba.

* * *

Masu bugun jikin mota sun yi aikinsu, sai dai fentin da ya ɗan fi na da haske. Dikko ya kawo Fijo gida Gwadangaji, ya aje ta gindin dogon-yaro, ya ce wa matarsa Riskuwa inji ne ya samu matsala.

Kowace safiya sai ya shiga ya zauna, ya sa makulli. Da ya kama sitiyari sai tafin hannunsa ya jiƙe, ƙirjinsa ya ɗauki duka, ya fito ya buɗe gaban mota yana leƙe-leƙe don maƙwabta su ga ana gyara. Mutumin da a da ake yi wa tsiya wai da ham yake gaida surukansa, yau ko keke ya gifta da ƙararrawa sai ya zabura. Tuwo ya daina shiga. In ya yi sujada, mutumin nan yake gani yana ƙoƙarin tashi. Abin da ke cin sa ɗaya ne: bai san ko mai rai ya bari a hanya ko gawa ba, kuma tsoro ya hana shi tambaya.

Ranar da Riskuwa ta dawo suna daga Argungu, ko lulluɓi ba ta cire ba ta zo ta tsaya kansa.

"Baban Laure, yau na ga abin da yat tada min hankali. Wata tsohuwa na tsaye bakin hanya Tungar Tamba, tana ɗaga zane tana roƙo. Direbanmu ko kallonta bai yi ba. Sunka ce kullum nan take wuni."

Dikko ya sunkuyar da kai.

"Ɗanta anka kaɗe wurin shanya. Maɗori ya ɗaure ƙahwar, amma ta kumbura har ta hwara wari. Ba shi iya zaman jaki, ba shi iya girgizar amalanke. Mota suka nema ta kai shi asibiti, ku kau kun ce ba a tsayawa."

"Yana da rai?" Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba.

"Shina da rai yau. Gobe sai Allah." Ta matso ta rage murya. "Ranar da kak kawo motar ga, kajina sun wuni suna tsince shinkahwa ga tayunta da ƙarƙashinta. Tun sannan nis san ba inji na ba. Na yi shiru ina jiran ka hwaɗi da bakinka."

Kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, mai ban tausayi da ban kunya. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ɗauko makulli daga kan taga ta aje masa a cinya.

"In sun kashe ni fa?"

"Ina tsoron haka, wallahi ina tsoro. Amma zaman ga da kake yi ma kashe ka shikai."

* * *

Da hantsi ya fita, yana jan motar kamar ɗan koyo. Masu kekuna suka yi ta wuce shi, wani direban tasha ya danna masa ham yana dariya. Sau da yawa ya ji kamar ya juya, sai ya tuna ƙafa ba ta jiran mutum ya gama shawara. Gumi ya jiƙa masa riga tun kafin ya bar gonakin bayan gari.

Tun daga nesa ya hango ta, 'yar tsohuwa da zane a hannu. Ta ɗaga shi ba da wani ƙarfi ba, irin ɗagawar wanda ya saba a wuce shi. Dikko ya sauka gefen kwalta ya kashe mota. Ta tsaya tana kallonsa, ta kasa gaskata idonta.

"Goggo, ina marar lahiya?"

Sai ga gari ya fito. Dikko ya tsaya jikin mota yana jiran sandar farko. Ba wanda ya bi ta kansa. Hankalin kowa na kan ɗan tsohuwar, Hodi, wanda aka ɗauko a asabari, ƙafarsa ɗaure da kara da tsumma, zazzaɓi ya sa yana sambatu. Aka kwantar da shi a kujerar baya. Tsohuwar, wadda ya ji ana kira Goggo Baiwa, ta ɗora kansa a cinyarta. Ummaru, ƙanen Hodi, ya zagayo zai shiga gaba, ya ɗan tsaya yana duban inda fenti ya bambanta, sannan ya shiga.

Har suka iso Birnin Kebbi Dikko yana kauce wa kowane rami kamar ƙwai ya ɗauko.

* * *

Likita ya kwance tsumman, ya yamutsa fuska, ya yi faɗa a kan jinkiri. Sannan ya ce rai dai in Allah ya yarda an cece shi, ƙafa kuwa za su yi iya ƙoƙarinsu. Aka tura Hodi ciki. Wani malamin asibiti ya tsaya yana tambaya.

"Motar da ta kaɗe shi, an gane ta?"

Ummaru ya juyo ya zuba wa Dikko ido.

"Tana waje," in ji Dikko. "Ni nik kaɗe shi."

Ummaru ya miƙe zumbur. Goggo Baiwa ta kamo gefen rigarsa ta mai da shi kan benci, da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Zamna. Tun da yaf fito mota yak kasa duban idona nis sani." Ta dubi malamin. "Malam, wanda yak kaɗe ɗana ya wuce, na bar shi da Allah. Wanga shi yat tsaya."

"Duk da haka, sai an kira 'yan sanda," in ji malamin.

"A kira su," in ji Dikko. "Ina nan."

Ya yi mamakin yadda maganar ta fito masa da sauƙi. Tsoro bai tafi ba, amma nauyin da ke danne masa ƙirji ya ɗaga, har ya ji yunwa a karon farko tun ranar.

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce uwar ta shigo. Goggo Baiwa ta tashi, ta kwance bakin zanenta, ta fito da takalman robar Hodi waɗanda ta ƙullo tun daga gida don ranar da za a sallame shi. Ta waiga wajen Ummaru, ta ga ya juya baya yana huci, sai ta miƙa wa Dikko.

"Riƙe min, kas su ɓace."

Dikko ya zauna a benci da takalman a cinyarsa, yana roƙon Allah ya sa a buƙaci duka biyun.